Mabel Mai Ɗumama Jini

Ranar da aka kai ni ɗakin mijina a unguwar Sauka Kahuta da ke Minna, wadda ta fara ɗaga mini labule ba 'yar'uwar miji ba ce. Wata ƙatuwar mata ce, baƙa, mai faɗin ƙirji, riƙe da faranti cike da soyayyar doya da yaji a gefe. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Amarya, ci. Kuka ba ya cika ciki." Ta ajiye farantin ta fita abinta. Wannan ita ce Mabel Gaiya, wadda ƙofar ɗakinta ke kallon tawa a gidan hayarmu. Sunana Hidaya, yau 'ya'yana huɗu, babbar ma ta fi ni tsawo, amma a bakin Mabel har gobe ni Amarya ce. Na gaji da gardama na bar mata.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa suka zo, ita da mijinta Meshach. Shi birkila ne, aikin gini ya jawo shi Minna. Ita kuma ba ta iya zaman banza ba, sai ta kafa kaskonta a bakin titi tana suyar doya da ƙosai safe da yamma. Wutar nan ta zauna mata a jiki. In ta kama hannunka a gaisuwa sai ka ji kamar ka taɓa murfin tukunya. Nakan tsokane ta in ce ranar da gawayi ya yi tsada, a cinyarta zan ɗora ruwan shayi.

'Yarsu ɗaya ce, Testimony. Ciki biyu Mabel ta yi ɓari kafin ta same ta, shi ya sa suka sa mata wannan suna, wato shaidar abin da Ubangiji ya yi musu. Mu dai a gida Testi muke ce mata. Yarinya ce siririya mai manyan idanu, ga surutu kamar rediyo. Sai dai tun tana rarrafe takan yi kukan da ba a gane kansa, hannuwanta su kumbura, a shafa mata man zafi a ce iska ce.

Tana da shekara uku abin ya fito fili. Wata safiya Mabel ta kira ni da muryar da ban san tana da ita ba. Na tarar da Testi kwance tana haki, idanunta sun yi rawaya, tafin hannunta fari fat. Meshach yana Wushishi wajen aiki. Ni ina da tsohon ciki, amma haka na ja mayafi muka tari keke napep zuwa asibiti. Aka ɗibi jinin yarinyar aka auna, likita ya ce sikila ce, jininta ya yi ƙasa sosai, sai an yi mata ƙari yau ɗin nan.

Wanda bai taɓa jinya ba bai san yadda ake yi ba. Asibiti za su ba ka leda ɗaya daga cikin wanda suka ajiye a firji, amma sai ka kawo mutum an ɗibi nasa an mayar a gurbin. In kuma babu irin wanda ya dace a ajiye, to naka mutumin ake jira. Da Mabel ta ji haka har wani sauƙi ya bayyana a fuskarta. Ta naɗe hannun riga tun kafin mu kai ɗakin gwaji, tana cewa, "Ku ɗiba leda biyu ma. Ga shi nan ya yi mini yawa, har ciwon kai yake sa ni."

Suka tsaga mata yatsa, suka ce ta jira. Can sai aka kira ta ciki ita kaɗai, aka rufe ƙofa. Da ta fito ban gane ta ba. Matar nan da ke cika ƙofa ta koma kamar an sace mata iska. Ta zauna kusa da ni a kan benci, ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta ce, "Amarya, sun ce jinina ba kyau." An samu ƙwayar cutar hanta a jikinta. Ba ta jin ciwon komai, wataƙila ma tun tana yarinya take ɗauke da ita, amma ba za a taɓa ɗibar jininta a sa wa wani ba, ko yau ko gobe. Suka ce ta gode wa Allah 'yar ba ta ɗauka ba.

Ta kama hannuna ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Na gane dalilinta. Likita ya ce cutar ba ta bin abinci, amma je ka faɗa wa mutanen layi haka. Kafin azahar za a ce ƙanjamau ce, kafin la'asar kaskonta ya huce. Na riƙe mata wannan magana shekara da shekaru, yanzu ma da izininta nake faɗa.

Mijina Muhyiddeen na kira. Ya rufe shagonsa na kayan babur ya zo, aka gwada, nasa ya dace, aka ɗiba. Muna zaune a gefen gado wata tsohuwar nas mai suna Sista Vivian ta shigo da ledar jinin, ja wur har ya yi duhu, sanyinta na tsatstsafo da raɓa. Ta dubi Mabel da ke share hawaye da bakin zani. Ban san abin da ta karanta a fuskarta ba. Sai ta miƙa mata ledar ta ce, "Maman yarinya, daina kuka ki yi aiki. Ya yi sanyi da yawa. Sa shi a jikinki ya ɗan ɗumama kafin in dawo."

A lokacin haka ake yi a wurare da yawa. A ba ɗan jinya leda ya sa a hammata ko ya rungume, don kada sanyin ya sa mara lafiya rawar ɗari. Mabel ta karɓa da hannu biyu kamar an miƙo mata jariri. Ta kwance zaninta, ta manna ledar a fatar cikinta, ta ɗaure. Na ga tsikar jikinta ta tashi saboda sanyi, amma ba ta motsa ba. Ta rufe ido tana wata waƙar coci a hankali. Da Sista Vivian ta dawo ta taɓa ledar, sai ta yi dariya ta ce, "Kai, wannan mata murhu ce." Aka rataya jinin. Kafin yamma Testi ta buɗe ido ta ce tana son ƙosai.

Daga ranar Mabel ta samu abin yi. Mai sikila ba ya rabuwa da asibiti. Wata shekara a yi wa Testi ƙarin jini sau ɗaya, wata shekarar sau uku, musamman in damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro. Meshach ya ba da nasa, Muhyiddeen ya ƙara bayarwa, Irimiya shugaban mawaƙan cocinsu ya bayar har ya gaji da lissafi. Amma ko na wane ne, ba ya hawa ƙarfen rataya sai ya kwanta a cikin Mabel tukuna. Nas-nas suka saba. Da sun fito da leda sai su ce, "Ina Maman Testi?"

Ban san muhimmancin abin a wurinta ba sai da surukarta ta zo daga ƙauye. Tsohuwa ce mai kaifin baki, irin waɗanda ke gaishe ka suna ƙirga haƙarƙarinka. Da ta ji jinin mutane daban-daban ake zuba wa jikarta, sai ta ɗora hannu a ka. A wurinta jini hali ne. Wanda aka sa wa jinin ɓarawo zai fara ɗan hali, wanda aka sa wa na mashayi zai nemi burkutu. A tsakar gida, gaban kowa, ta ce wa Mabel, "Ke da kike kamar rumbu, me ya hana ki ba 'yarki? Rowa har ta jini?" Meshach ya san gaskiya, amma ya sunkuyar da kai, don Mabel ce ta hana shi faɗa.

Sai Mabel ta ce, "Mama, ba jinin baƙo da ke shiga jikin yarinya na. Duk wanda aka kawo, sai ya kwana a cikina tukun, inda ita ma ta kwana wata tara. A nan yake koyon halin gida." Tsohuwa ta juya maganar a ranta. Ga mamakina sai ta gyaɗa kai ta ce to, in haka ne da sauƙi. Ni kuwa na shige ɗaki na toshe baki da filo ina dariya. Sai daga baya na lura ba don ta rufe bakin tsohuwa kawai ta faɗa ba. Ita ma ta yarda da abin har zuciyarta.

Maganar rowar dai ba ta mutu ba. A layi akwai masu cewa tsoron allura take ji, akwai masu cewa wani coci ta shiga a ɓoye da ya hana ba da jini. Tana ji, ba ta tankawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin ya wuce kan Testi ma. In suna kwance a asibiti aka kawo wata mai jego da ta zubar da jini, ko wani tsoho daga ƙauye da ba shi da kowa sai ɗa namiji mai jin kunya, Mabel za ta tashi ta karɓi ledar. Na taɓa ganin ta da leda biyu a lokaci guda, ɗaya a ciki ɗaya a hammata, tana zaune dirshan kamar kaza a kan ƙwai, tana kuma yi wa wata Bafulatana faɗa a kan ta ƙi cin abinci. Ba ta tambayar addinin mai jinin ko na mai karɓa. Tambayarta ɗaya ce, "Na wane gado ne?" don kada a haɗa.

Testi na aji huɗu a firamare Meshach ya faɗo daga saman gini. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Mutane suka ce Mabel za ta kwashe ta koma gida, amma ta ce a ƙauye wa zai ba yarinyarta jini? Ta zauna. Ta ƙara buɗe kasko da rana. Kuma da yake babban mai bayarwa ya tafi, sai ta koyi farautar jini. Ɗaliban jami'a da ke saukowa daga Bosso suna cin doya a wurinta, duk wanda ta ga ƙato ne mai jini a jika da lafiya sai ta ƙara masa yanka biyu, ta tambaye shi sunansa da garinsu, a hankali har ta kai ga rukunin jininsa. Yaran sun gane ta, suna ce mata Mama Bankin Jini. Duk wanda ya bayar kuwa, ranar sai ya sha malt da madara da ruwan ganyen ugu har ya roƙi a ƙyale shi, doya kuma kyauta har ya gama makaranta.

Haka Testi ta girma, da jinin Musulmi da na Kirista, na Gwari da na Nufawa da na wani yaro Ibo mai karatun injiniya. Ba ta yi sata ba, ba ta nemi burkutu ba. Surutun ne dai ya ƙaru, wannan kuwa ba sai an je da nisa neman inda ta gado shi ba.

Sai dai akwai abin da ba mu sani ba sai da likita ya yi mana bayani. Jikin da aka yi ta ƙara wa jini yakan fara zaɓe. Jinin da ya karɓa bara, bana sai gwaji ya nuna ba za su shirya ba. Tun Testi na sakandare samun wanda ya dace ya fara wuya. A kawo mutum uku, a sallami uku.

Bara da damina, bayan ta gama jarrabawar fita sakandare, zazzaɓi ya kayar da ita. Kwana biyu ana fama a gida, rana ta uku da safe na ga leɓenta ya yi fari, na ce wa Mabel mu tafi. Aka auna, aka ce jinin ya sauka ƙwarai. Na firjin asibiti babu wanda ya dace. Muhyiddeen ya zo, nasa da ya yi mata amfani tana ƙarama yanzu an ce a'a. Irimiya ya tsufa, hawan jini ya hana. Mabel ta yi ta buga waya, yara suka yi ta zuwa daga Bosso cikin ruwan sama, ana gwadawa ana sallama. Sai bayan azahar aka dace da wani dogon yaro mai suna Luke. A duk waɗanda suka zo, shi kaɗai.

Sista Vivian ta daɗe da yin ritaya. Wanda ke kula da ɗakin ranar wani saurayin nas ne, Eric, ɗan siriri mai gilashi, da ganinsa ka san bai daɗe da fitowa makaranta ba. Shi da kansa ya ɗauko jinin a cikin 'yar kula. Mabel na hango shi ta miƙe, ta fara sassauta zani, ta miƙa hannu biyu. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ni ban ga wauta a wurin ba, na ga uwa ce kawai.

Eric ya ce, "Mama, me za ki yi?"

"Zan ɗumama mana. Kawo."

"A'a Mama, an daina wannan. Yanzu zan sa mata."

Mabel ta dube shi kamar ya yi magana da wani yare. Ta ce, "Yaro na, tun kana tallan gyaɗa nake wannan aiki a ɗakin nan. Tambayi kowa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba." Matan da ke jinya a sauran gadaje suka fara sa baki, suna cewa gaskiya ne, Maman Testi ce, a ba ta. Eric bai yi fushi ba, bai kuma ja da baya ba. Ya ajiye kular a kan tebur, ya juya yana neman jijiya a hannun Testi. Kafin ya waiwayo Mabel ta buɗe kula, ta ɗauke ledar, ta tura cikin zani ta ɗaure, ta koma kan kujera ta rungume cikinta.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano da hakin Testi.

Eric ya gyara gilashinsa. Ya ce, "Mama, ki saurare ni da kyau. Jini in ya bar firji, rabin awa gare shi a fara sa shi. In ya daɗe a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin cuta na iya tashi a ciki, su kashe wanda aka sa wa. A hankali zai riƙa ɗiga, kafin ya kai jijiya ya huce da kansa. In lokacin nan ya wuce ba zan rataya shi ba, ba kuma za a mayar da shi firji ba. Zubarwa za a yi. Kin fi ni sanin yadda aka samo shi."

"Abeg, don Allah, ɗan kaɗan kawai," in ji Mabel. Muryarta ta sauka. "Bai san ta ba. Bari ya san ta tukun."

Eric bai gane abin da take nufi ba, ni na gane. Ta juyo ta dube ni, tana jira in goya mata baya kamar yadda na saba. Wallahi na so in yi. Amma na dubi Testi, na ga yadda ƙirjinta ke ɗagawa da ƙyar, na tuna babu wani Luke a waje. Na ce, "Maman Testi, ba shi."

Kallon da ta yi mini ba zan manta da shi ba. Sannan ta sa hannu cikin zani ta ciro ledar, har yanzu da sanyinta, ta miƙa wa Eric ba tare da ta dube shi ba. Ya duba lamba, ya duba suna, ya rataya. Jinin ya biyo siririn bututu ya gangaro. Mabel ta tsaya da hannuwanta a sake, ta rasa inda za ta sa su. Sai ta ɗaura zaninta ta fita baranda.

Na bi ta. Tana tsaye tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Mutum ya ba ɗansa abu ɗaya tak shekara goma sha biyar, rana ɗaya a ce masa ya ajiye, wace magana ce za ta shiga kunnensa? Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Amarya, kowa ya ba shi wani abu. Mijinki ya ba shi. Yaran mutane sun ba shi. Ni da na haife shi fa?" In ranta ya ɓaci haka Hausarta ke kwancewa, Testi ta koma namiji. Da wata rana ce, da na yi mata dariya. Ranar hawaye ne suka zubo mini.

Sai da ledar ta yi rabi muka koma. Testi ta daina haki, idonta a rufe, muka ɗauka barci take. Eric ya zo ya sa mata ma'aunin zafi, ya riƙe wuyan hannunta yana kallon agogo. Mabel ta jira ya gama, sannan ta ce, "Nas, tsaya. Zan tambaye ka, kuma kar ka yi mini ƙarya don na tsufa. Duk wanda na ɗumama a baya, ya taimake ta?"

Na yi ta ƙifta masa ido. Me zai rage shi in ya ce e? Amma yaron nan ko bai gan ni ba, ko ya ƙi gani. Ya ce, "Mama, gaskiya bai ƙara mata komai ba. Allah ne ya tsare bai cutar da ita ba."

A ranar, da ina da iko, da na kwaɗa masa mari. Yau kuwa in na tuna, sai in ga ita ta roƙi gaskiya, shi kuma ya girmama ta ya ba ta. Gaskiya ɗaci gare ta, na sha ji, amma ban taɓa ganin mutum yana haɗiyar ta a gabana ba sai ranar. Mabel ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To. Na gode." Ta zauna a bakin gado ta zuba hannuwanta a cinya. Eric ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya wuce gado na gaba.

"Mama."

Testi ce, idonta a rufe har yanzu, muryar can ƙasa.

"Kin tuna yaran da ake ɗaurewa da zani kafin a sa musu jini? Suna ihu suna shure-shure?"

Mabel ta ce ta tuna, ta kuma ce mata ta bar magana ta huta.

"Ni ban taɓa yi ba. Kin san me ya sa? Ina zaton naki ne. Ina ganin kin sa hannu a zani kin ciro, sai na ɗauka daga cikinki kike ciro shi. Har faɗa na yi da wata a makaranta, na ce mata jinin mamata ba ya ƙarewa."

Dariya ta taso wa Mabel ta haɗu da kuka a maƙogwaro, ta fito wani iri. Ta ce, "Shashasha. Mutum zai ciro jini daga ciki kamar goro a lalita?" Ta share fuska da bayan hannu. "To yaushe kika gane?"

"Na daɗe. Ina aji biyar. Na leƙa taga na ga Kawu Irimiya ya fito ɗakin gwaji da auduga a hannu, kina bin sa da malt."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Testi ta buɗe ido ta dubi uwarta. Jan jini ya fara dawowa leɓenta.

"In na faɗa, ai za ki daina."

Mabel ta jawo kujerar kusa da gadon, ta zauna tana kallon jinin yaron mutane yana ɗiga cikin 'yarta, har ledar ta ƙare.